Furanni da Tsuntsayen Farkon Damina

Bazara lokacin wahala ce, kowa ya sani. Rana tana ƙuna, rijiyoyi sun yi ƙasa, hatsin rumbu ya ja baya, dabbobi sun rame. Da dare ba a iya barci cikin ɗaki saboda gumi. Idon kowa yana gabas, ana jiran hadari.

Amma a wannan lokaci ne, da makonnin da ke biye da ruwan fari, ƙasarmu take yin adon da ba ta yi a sauran shekara. Itatuwa suna fure. Tsuntsaye suna sāke riga. Baƙi suna zuwa daga nesa, waɗansu kuma suna ban kwana. Yawancinmu mukan wuce da fartanya a kafaɗa, ba mu ɗaga kai ba. Ga shi kuwa kallo ne wanda ba a biyan ko kwabo, yana nan a bakin ƙofa da kan hanyar gona. Daɗinsa yana ƙaruwa idan mutum ya san sunan abin da yake kallo, ya kuma san dalilin da ya sa ya fito yanzu. To, bari mu bi su da kaɗan kaɗan.

Masu fure tun ruwa bai sauka ba

Mu fara da ɗorawa. Tun sanyi bai gama tafiya ba take sako furanninta, jajaye, kewayayyu, suna reto a ƙarshen dogon tsinke kamar tuntun hula. Da rana kudan zuma ne ke kansu. Amma babban mai yi mata aiki jemage ne. Da dare yakan zo ya lashi ruwan zaƙin da ke cikin furen. Garin furen ya manne masa a gashi, ya tashi ya kai wa wata ɗorawa. Da haka take samun 'ya'ya. Watau duk daddawar da ke cikin miyarmu akwai hannun jemage a ciki.

Wannan ita ce sana'ar kowane fure. Itace ba ya iya tashi ya je wurin ɗan'uwansa. Sai ya yi launi da ƙanshi da ruwan zaƙi, ya kira mai fiffike ya aike shi. Fure kamar mai talla ne da ya yi kwalliya don a tsaya a gabansa.

Bayan ɗorawa sai marga, mai furanni rawaya da ke zubowa dogo dogo daga rassa. Sai sansami, wanda kan kaɗe ganyensa duka, sa'an nan ya rufe kansa da fure mai launin ja-ja, har a hango shi daga nesa cikin busasshen daji. A cikin gari kuwa darbejiya ce, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina. Furanninta ƙanana ne, farare, ba su cika ido ba, amma ku tsaya ƙarƙashinta da almuru ku ji ƙanshi. Asalinta daga ƙasar Indiya aka kawo ta.

Akwai kuma wadda ba ta da tsawo ko kaɗan. A inda gobarar daji ta ci, ƙasa ta yi baƙi, sai ka ga fure rawaya mai haske, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, yana zaune a kan toka ba ganye ko ɗaya. Wannan ita ce rawaya, ko balagande. Da saiwarta ake rini, ana kuma sa ta a abinci don launi.

Ina suke samun ƙarfin yin fure alhali ƙasa ta bushe ƙamas? Itatuwa suna da dogayen saiwoyi da ke kaiwa inda damshi yake. Rawaya kuwa tana da ajiya a cikin saiwarta mai kauri, wadda ta tara tun daminar bara. Suna da riba a wannan gaggawa. Wanda ya yi fure da rani, irinsa zai nuna ya faɗi daidai lokacin da ruwa zai zo ya tsirar da shi.

Gawo shi kaɗai ne ya ɗauki hanyarsa dabam. Duk rani yana kore shar. Da ruwa ya sauka, kowa yana tofo, sai shi ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara. Manomi ba ya jin haushin wannan hali, gama ganyen taki ne, kuma gero yana samun rana a gindinsa.

Bayan ruwan fari

Da rani iska daga arewa maso gabas take busowa, daga hamada, ba ta ɗauke da komai sai ƙura. Idan bazara ta yi, ƙasa ta ɗauki zafi, sai wata iska mai laima ta taso daga teku, ta kudu maso yamma, tana tura ta hamada baya. Tana tafiya arewa a hankali. Shi ya sa mutanen Zariya kan riga na Kano samun ruwa, na Kano su riga na Damagaram.

Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku ba ƙasa 'yan kwanaki, sa'an nan ku zaga bakin fadama. Za ku ga albasar kwaɗi ta fito da kara mai kauri, a kansa manyan furanni farare, kowanne da jan zane a tsakiya. Za ku ga kuma wata ƙaramar 'yar'uwarta, wadda ake kira hatsin manoma. Furenta fari ne fat, mai dogon wuya da ƙanshi. Da yamma yake buɗewa, kashegari da hantsi ya yi yaushi. Ba don mu ya buɗe ba. Yana jiran wani babban malam-buɗe-littafi na dare, mai dogon baki kamar zare, wanda ke iya kaiwa ga ruwan zaƙin da ke can ƙasan wuyan. Fari ya fi ganuwa cikin duhu, ƙanshi kuma yana nuna hanya. Yawancin furannin dare haka suke. Ku dubi na kuka, babba, fari, yana rataye kansa ƙasa. Shi ma da magariba yake buɗewa, jemage ya ziyarce shi, kwana ɗaya ya lalace.

Waɗannan masu albasa suna riga ciyawa fitowa domin abincinsu yana shirye a ƙarƙashin ƙasa. Dole su yi sauri. In suka yi jinkiri ciyawa za ta yi tsawo ta rufe su, ba mai ganinsu.

A nan sai mu ja kunne. Sunan albasa kawai suka ci. Akwai dafi a cikinsu, kada a bar yara su tona su kai baki. Haka kuma baurairai, wanda ake kira gatarin kurege. Shi sai damina ta zauna yake fitowa, yana hawan kan ƙananan itatuwa, furensa ja da rawaya, a lanƙwashe baya kamar harshen wuta. A ganinmu babu furen daji da ya fi shi kyau a ƙasar nan. Mutanen Zimbabuwe ma shi suka zaɓa ya zama furen ƙasarsu. Amma saiwarsa tana kisa. A kalla da ido, a bar shi inda yake.

Daga nan sai ƙanana su biyo, waɗanda muke takawa kullum. Balasa tana da fure shuɗi, ƙarami, mai kunnuwa biyu, yana buɗewa da safe, kafin azahar ya narke. Tsidau, wanda ke sukar mu a ƙafa da kaka, da ɗan fure rawaya yake farawa. Tafasa da gasaya da karkashi duk mun san su a tukunya. Wa ya taɓa tsugunawa ya dubi furen karkashi? Kamar 'yar ƙararrawa yake, da zane-zane a cikin bakinsa. In tafki ya cika kuma, sai bado ya shimfiɗa faifansa a kan ruwa. Farin bado da dare yake buɗewa, yana nan har hantsi. Wanda ya yi sammako zuwa ɗiban ruwa shi ke ganinsa.

Ruwan da ya ta da furanni shi ne ke ta da ƙwari. Shinge yakan fito daga suri da yamma bayan ruwa, ya cika sama. Ƙwan fara da ya kwana cikin ƙasa duk rani yakan ƙyanƙyashe. Tsutsa ta hau sabon ganye. Akwai ma ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar ƙaramiski, wanda yara ke ɗorawa a tafin hannu. To, ƙwari su ne abincin 'ya'yan tsuntsaye. Ko tsuntsun da ke cin tsaba, kamar kabare, da ƙwari yake fara ciyar da 'ya'yansa. Saboda haka tsuntsaye da yawa suke jiran wannan lokaci kafin su yi sheƙa.

Shamuwa

Babbar baƙuwarmu ita ce shamuwa. Wata safiya cikin watan Afrilu ko Mayu sai a tashi a gan ta bisa kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, baƙa mai farin ciki, tana tsaye kamar ba ta taɓa barin wurin ba. Yara su yi ta murna. Manya su ce, "To, a gyara iri."

Ina ta tafi duk watannin nan? Ba Makka ba, ba kuma bayan duniya ba. Tana zuwa gabashin Afirka da kudancinta, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Tafiyar ta kai mil 2,000, wani lokaci ta fi. Can daminarsu tana faɗowa ne lokacin raninmu. Watau shamuwa damina biyu take ci a shekara, ba ruwanta da rani. Amma a nan take haihuwa. Idan ana maganar asali, 'yar ƙasarmu ce mai zuwa cin rani.

Ku dube ta da kyau in ta sauko. A lokacin sheƙa fatar fuskarta tana yin shuɗi, da ɗan ja a gaban ido. Takan yi ƙwai biyu ko uku. Mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci, wajen wata guda, kafin su ƙyanƙyashe. Abincinta fara ne da tsutsa, da 'yan kwaɗi in ta samu. Duk farar da ta haɗiye, farar da za ta ci geronmu ce. Kakanninmu da suka hana a taɓa shamuwa ko ƙwanta sun san abin da suke yi.

Sai dai a lura. Shamuwa ba ita ke kawo ruwa ba. Iskar da ke kawo ruwa take bi, kuma sau da yawa takan riga shi isowa da makonni. Ganinta alama ce ta a shirya. Shuka kuwa sai ƙasa ta jiƙa sosai.

Na cikin gida

Ba sai an je daji ba. Mai zaune a tsakar gida, ko tsohon da ƙafa ta gaza, yana da nasa rabo.

Ga kurciya. Sheƙarta 'yan tsinkaye ne kawai, har kana hango ƙwan ta ƙasa. Ƙwai biyu take yi, farare, mako biyu su fashe. Abin mamaki, ita da mijinta suna ba 'ya'yan wani farin abu mai kauri kamar kindirmo, wanda ke fitowa daga maƙoshinsu. Tattabara da hasbiya ma haka suke yi.

Ga baiwar Allah, 'yar mitsitsiyar nan da ke tsince tsaba a gindin turmi, ba ta tsoron kowa. Namijin ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa. Sukan shiga har cikin ɗaki su yi sheƙa a jinka, su shimfiɗa gashin kaza. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, girmansu ɗaya, wanda macensa ba ta yin sheƙa sam. Sai ta faki ido ta sa ƙwanta cikin na baiwar Allah. In an ƙyanƙyashe, cikin bakin ɗan baƙon yana da ɗige-ɗige iri ɗaya da na 'ya'yan gida, uwar ba ta iya rarrabewa. Ta ciyar da su duka. Ɗan riƙon nan in namiji ne, da ya girma kukan uban riƙonsa yake yi.

Wannan ya tuna mana da hankaka. Ana cewa, "Hankaka mai da ɗan wani naka." Har waɗansu suna tsammani ba ya ƙwai, sata yake yi. Hankaka yana yin ƙwansa a ƙwanƙolin dogon itace. Amma akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da ɗige-ɗige farare a baya, wanda ke zuwa ya ajiye ƙwansa cikin sheƙar hankaka. Hankaka ya yi kwanci, ya yi reno. Mai wucewa ya ga hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, ya ce ya sato. Ashe shi aka cuta.

Ga kuma kabare, sarkin saƙa. Da rani ba ka bambanta namiji da mace, duk sun yi fari-fari kamar gwara. Da ruwa ya kusa, sai namijin ya yi riga rawaya da baƙar hula, idonsa ja. Su taru da yawa a itace guda, hayaniya kamar ranar kasuwa. Ku samu inuwa ku zauna ku ga yadda yake aiki. Zai je ga doguwar ciyawa ko ganyen dabino, ya ɗan tsaga gefe da baki, ya riƙe, ya tashi, sai zare ya biyo shi. Da wannan zai fara ɗaura zobe a ƙarshen reshe. A kan zoben yake tsayawa ya saƙa ɗaki, ƙofa tana kallon ƙasa. Ba shi da allura, ba shi da hannu, baki ne da ƙafa kawai, amma cikin yini guda yana iya gamawa. Sa'an nan ya rataya a ƙarƙashi, kai ƙasa, yana kaɗa fiffike yana kiran mata. Mace ta zo ta shiga ta duba. In ya yi mata, ta kawo laushin ciyawa ta yi shimfiɗa. In ba wadda ta karɓa har ɗakin ya bushe, sai ya warware shi da kansa ya sake sabo. Don me yake rataya shi a siririn reshe, ƙofa a ƙasa? Don maciji da shirwa su sha wuya kafin su kai ga 'ya'yan, ruwan sama kuma ba ya shiga.

Ɗan'uwansa mulufi sai gero ya yi tsawo yake nuna kansa. Ja wur da baƙi, ya kumbura gashinsa ya zama kamar ƙwallo, yana tashi a hankali bisa karan dawa. Da kaka ta wuce ya tuɓe, ya koma kamar kowa. Balbela ma, da muka saba gani fara fat a bayan shanu, takan yi ɗan jan gashi a ka da ƙirji lokacin sheƙa.

Wanda gidansa ke kusa da manyan itatuwa zai ga cilakowa. Ita a kogon itace take ƙwai. In macen ta shiga, sai a liƙe ƙofar, a bar 'yar tsaga wadda baki kaɗai ke wucewa. Tana ciki makonni, har gashin fiffikenta ya zube ya sake tsirowa. Namijin ne ke ta jigila, yana miƙa mata abinci ta tsagar. In 'ya'yan sun yi girma wuri ya yi kaɗan, ta fasa ta fito, su kuma su sake liƙewa daga ciki. Ku tuna da wannan kafin ku bar yaro ya harbi cilakowa. In namijin ya mutu, gida guda ne ya mutu.

Akwai wanda kunne ya fi ido saninsa. In kun ji wani kuka daga cikin kurmi kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ragon maza ne. Akwai kuma sha-kauci, ɗan ƙarami mai lanƙwasasshen baki, namijin yana walƙiya kore in rana ta haska shi. Shi da kauci abokan ciniki ne. Furen kauci a rufe yake zama, kamar tsinken ashana mai jan kai. Sai sha-kauci ya sa baki, furen ya tsage farat ɗaya, ya watsa masa gari a goshi, shi kuma ya sha zaƙi ya wuce wani.

Masu ban kwana

Lokacin da shamuwa ke shirin isowa, waɗansu suna ɗaure kaya. Tsuntsaye masu yawa da muke gani da sanyi a fadamu da bakin tafki, agwagin ruwa da ƙananan masu bin shanu suna kaɗa wutsiya, da waɗansu irin tsattsewa, a Turai aka ƙyanƙyashe su. Sanyin can yana kashe ƙwari, ruwa ya daskare, sai su gudo wurinmu. Fadamun Haɗeja da Nguru suna cikin manyan masaukansu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye.

Cikin Maris da Afrilu sukan juya. A watannin nan ne sanyin Turai ke karyewa, furanninsu su fito, mutanen can su yi ta murna da dawowar tsuntsaye kamar yadda muke yi da shamuwa. Amma kafin su isa sai sun ƙetare Sahara, fiye da mil 1,000, ba ruwa ba inuwa. Don haka sukan yi makonni suna ci ba ƙaƙƙautawa. Waɗansu ƙanana har nauyinsu ya kusa ninkawa. Kitsen nan shi ne guzurinsu.

Da can Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har akwai masu cewa tsattsewa cikin taɓo take shiga ta yi barci. A shekarar 1822 aka harbo wata babbar 'yar'uwar shamuwa, fara mai jan baki, a arewacin Jamus. Sai aka tarar da mashi irin na Afirka, tsawonsa ya fi ƙafa 2, ya soke ta a wuya. Da shi ta yi duk tafiyar. Har yanzu tana ajiye a jami'ar garin Rostok. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa. Ana yin haka har yau. In kun tsinci mataccen tsuntsu da zobe, ba tsafi ba ne. Ku kwafe lambar da haruffan daidai, ku rubuta rana da sunan gari, ku kai wa ma'aikatan gandun daji.

Kyakkyawa mai ɓarna

Kada a ce mun yabi kowa. Ƙuduji, wanda ake kira wuta-wuta, yana da fure mai kyau ƙwarai, gona ta yi kamar an shimfiɗa zane. Amma a ƙarƙashin ƙasa ya kama saiwar gero ko dawa yana tsotsa. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, suna iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Wannan kam a tuge shi da ya soma fure, kafin ya yi iri, a tara a ƙone.

Jan baki ma haka. Ɗaya ɗaya abin sha'awa ne, amma in suka taso kamar hayaƙi suka sauka a gona, sai salati. Kabaren da muka yaba shi ma yana taɓa hatsi. Tsaron gona wajibi ne. Abin da muke ƙi shi ne a zuba guba barkatai, gama guba ba ta tambayar suna. Takan kashe mai ɓarna, ta haɗa da mai cin fara, da kudan zuma.

Abin da ya ragu

Ku tambayi tsofaffin garinku tsuntsayen da suka sani suna yara. Za su ambaci gauraka mai tuntun zinariya, wadda ke rawa a fadama. Yau da wuya a gan ta a daji a Nijeriya. Za su ambaci ungulu, wadda da ba a rasa ta a mahauta. Ta ragu ƙwarai saboda guba da masu kama ta suna sayarwa, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Garuruwa da dama kuma an sare kukar da shamuwa ke sauka.

Amma abin da ya tafi yana iya komowa in an ba shi wuri. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka soma barin kututturan da ke tofo a gonakinsu. Maimakon su sassabe duka, sai su zaɓi reshe mai ƙarfi su gyara shi ya zama itace. Dabarar ta bazu, har masu bincike suka ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5 a Nijar. Don itacen wuta da taki da abincin dabbobi suka yi. Amma duk itacen da ya tsaya, wurin fure ne, wurin sheƙa ne kuma.

A gida ma akwai abin yi, ba ya cin kuɗi. Ku samu kasko marar zurfi, ku zuba ruwa, ku sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. Ku ajiye shi a inuwa, a sarari, inda kyanwa ba za ta laɓe ba. A riƙa zubar da ruwan ana sakewa kowace safiya, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Da bazara, sa'ad da ko'ina ya bushe, ba za a daɗe ba za ku ga baƙi. Kurciya takan tsoma baki ta zuƙa kamar doki. Sauran kuwa sai su ɗiba su ɗaga kai sama. Ku zauna shiru, kada ku yi motsi da sauri, za su saba da ku. Yaran da ke yawo da danƙo, a kira su su zauna su ma, a sa su ƙidaya iri nawa suka zo.

Mai littafi da fensir ya ware shafi guda. Ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa bana, da ranar ruwan fari, da ranar da albasar kwaɗi ta buɗe, da ranar da ya yi shuka. Baɗi ya sake. Bayan 'yan shekaru zai san kwana nawa ke tsakanin zuwan shamuwa da ruwan shuka a garinsu, abin da ba wani littafin da zai gaya masa.

Wajen watan Satumba ko Oktoba, in gero ya nuna, 'ya'yan shamuwa sun yi fiffike. Za ku ga sun taru da yawa a fili, sa'an nan su hau sama suna kewayawa, har su zama ɗige-ɗige. Ita ma wannan rana a rubuta ta. Tarin kiraren da suka bari bisa itace kuwa kada a sauke shi don hura wuta, gama sau da yawa sukan komo sheƙar bara su ƙara mata 'yan tsinkaye su sake zama.